Goro Ɗaya Zuwa Tsibirin Mantau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya shimfiɗa teku ya bar ta tana rawa, ya halicci dariya da kuka ya ba su ƙofa ɗaya a fuskar ɗan Adam. Bayan haka, ni ne Cindo, mutumin Birnin Kwarangaza da ke bayan Duwatsun Toka. Ban yi nisa a allo ba, don malaminmu ya sallame ni tun ranar da ya sami kwaɗo a butarsa. Saboda haka wanda ya ga karkata a rubutuna ya miƙe ta a zuciyarsa, ya bar ni in faɗi abin da idona ya gani.

Ina da taubashi, Jatau, ɗan kawuna, maɗinki a bakin kasuwa. Wanda ya san taubasantaka ya san ba a gaisuwar mutunci a cikinta. Tun muna yawo ba wando har furfura ta fara leƙo mana, Jatau bai taɓa ce mini sannu ba. In ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Kan-Tulu, bawan gidanmu! Wa ya kwance ka?" Ni kuma in ce, "Ɗan tsurut, allurarka ta fi ka ƙiba." Ƙa'idarmu ɗaya ce: wanda aka yi wa tsiya, wasa ya koma hannunsa, sai ya rama sannan a ci gaba. Na sa masa ƙadangare a aljihu, ya zuba mini kanwa a fura. Da haka muka girma.

Tsiyarsa ta ƙarshe ita ce ta ranar sunan autana. Na kai masa sabon wando ya rage mini tsawo. Ya rage, ya kuma ɗinke bakin ƙafafun da wani siririn ɗinki da ido ba ya kamawa. Ina jin maroƙi ya fara kiran sunana na zura ƙafa da sauri, na yunƙura, sai ga ni na faɗo ta ƙofar ɗaki, rub da ciki, gaban surukaina. Jatau yana bakin zaure yana dariya har da riƙe bango.

Ina cikin shirin ramuwa ciwo ya riga ni. A ƙasarmu akwai wani ciwo da ake kira Wankin Allo. Yana farawa da "ina na ajiye almakashi," ya bi ta kan sunayen maƙwabta, har mutum ya dubi uwar da ta haife shi ya ce baƙuwar wa ce. Mutane sun ce ana ɗaukarsa a kwanon abinci, don haka doka ta ce duk wanda ya kamu a kai shi Tsibirin Mantau, can tsakiyar Tekun Shuni, inda wasu bayin Allah ke kula da irinsu. Ba wanda ke dawowa.

Ranar da dogarai suka ɗora Jatau a kan jaki, na bi su har ƙofar gari. Ya waiwayo ya dube ni, ya buɗe baki, ya ce, "Kai... kai..." Yana laluben sunan kamar mai laluben allura a cikin yashi. Har suka sha kwana bai samu ba.

Damina ta wuce, wata ta zo. Ban sake sa wa kowa ko kiyashi a riga ba. Wata rana matata Lanti ta dire mini kwano ta tsaya a kaina.

"Baban Auta, gidan nan ya zama kamar an yi rasuwa ba a yi jana'iza ba. Me kake jira?"

Na ce, "Wasa yana hannuna, Lanti. Ban rama ba."

"Ka rama wa mutumin da bai san sunansa ba?"

"In na rama ya zage ni, to, yana nan. In bai zage ni ba..."

Sai ta shiga ɗaki ta fara daka mini dakuwar guzuri.

Ni kuwa na nemi farin goro babba, na tsaga shi ta kan tsagarsa, na rarake cikin, na ɗura masa garin barkono irin ƙananan nan da ke sa ƙato kiran uwarsa, na manne da ƙaro. Na naɗe shi a ɗanyen ganye na sa a ƙirji. Duk inda na sami ruwa a hanya, goron ke fara sha kafin ni.

Na ratsa Duwatsun Toka, inda iska ke kuka da muryar mata. Na ratsa Fadamar Gudau, inda inuwar mutum ke barinsa da tsakar rana ta je ta kwanta ƙarƙashin itace, sai la'asar ta biyo shi a guje. Na bi ayarin gishiri har takalmana suka zama labari. Daga nan na iso Bakin Gishiri, garin da ƙasa ta ƙare.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gidanmu ba, na tsaya baki buɗe. Na tambayi wani masunci, "Malam, ina ɗaya gaɓar?" Ya ce babu. Na ce, "To wa ya zubar da wannan duka?" Bai ko kula ni ba.

Wadda ta kula ni wata tsohuwa ce mai suyar kifi a bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, ana ce mata Inna Kuluwa. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi hannun da na dafe ƙirji da shi, ta ce, "Zauna, ɗan nan. Wa aka kai maka can?"

Na ce, "Inna, ni shan iska na zo."

"Masu shan iska ba sa zuwa da irin wannan idon. Ni mijina aka kai, maƙeri ne. Wa aka kai maka?"

Na gaya mata komai, har goron. Ba ta yi dariya ba.

"Ka koma gida," in ji ta. "Na je na gani. Na tsaya gabansa ina kuka, yana tambayata ko wani ya doke ni. Wanda ke cikin kanka yanzu ya fi wanda za ka tarar."

Na ce, "Inna, wasa yana hannuna."

Ta ja tsaki ta juya kifinta. Amma washegari ita ta fara shirya ni.

Jirgi ɗaya ne ke bi ta Tsibirin Mantau, in ji ta, sunansa Gimbiyar Kumfa. Na attajirai ne masu zaga tsibirai don nishaɗi, suna cin 'ya'yan itace, ana yi musu kiɗa. Yana tashi in iskar gabas ta kwanta. A Mantau yakan tsaya nesa da gaɓa, a sauke wa marasa lafiya hatsi, a ɗebo ruwan sha, attajirai su leƙo su ce "Allah sarki," a wuce. Sarkin Jirgi ba ya ɗaukar duk mai ɗan'uwa a can, don irinmu kan faɗa ruwa ko su ƙi dawowa, su ɓata wa baƙinsa rai.

Ta fara da cikina. Kullum ta sa ni in zauna a wani kwale-kwale da aka ɗaure, igiyar ruwa na wasa da ni, masunta na dariya, ni ina mayar wa teku duk abin da na ci. "Daina kallon ƙafarka, sakarai! Kalli can inda sama ta taɓa ruwa!" Ta cika mini jaka da citta da lemun tsami. Ta ce in kwana a tsakiyar jirgi, can ƙasa, in guji maiƙo, in ɗaure hulata da zare. Gurbi kuwa bai yi wuya ba: wawan jirgi mai ba baƙi dariya ya yi aure ya ƙi komawa ruwa, sai na karɓi aikinsa.

"Saura tasa," in ji Inna Kuluwa. "A bakin tsanin shiga akwai wata tasar jan ƙarfe cike da ruwan ƙasan teku. Kowa sai ya leƙa. Abin da zuciyarka ta fi maƙale wa shi zai fito. In fuskar mutum ce, sai an tuhume ka."

"Ke yaya kika yi?"

"A lokacina babu ita. Saboda ni aka kawo ta."

Na yi ta juya abin, har na tuna cewa akwai wanda ya fi zuciya ƙarfin murya a jikin ɗan Adam. Sai na daina cin abinci. Na yini na kwana, na sake yini na kwana, ina zaune gefen kaskon Inna Kuluwa ina shaƙar ƙamshi ba na taɓawa. Ranar tashi ƙafafuna na rawa na hau layi. Wani attajiri ya leƙa, rumbunansa suka fito. Wata hajiya ta leƙa, aka ga awarwaron zinariya. Na leƙa, sai ga malmalar tuwon dawa, miyar kuka ta kewaye ta, man shanu na narkewa a kai.

Sarkin Jirgi, wani ƙato mai kitsattsen gemu, ya fashe da dariya. "Wannan ba shi da kowa a duniya sai cikinsa!"

Yana cikin dariyar na hango wani siririn hannu ya shigo daga gefen tasar, yatsa ɗaya da sawun allura, yana miƙowa zai gutsuri tuwon. Ai ban taɓa cin tuwo a kwano ni kaɗai ba. Na saki wata atishawa a cikin ruwan, hoton ya watse. Aka dungure mini kai aka ce in wuce.

Muka tashi. Ba zan ɓata takarda da tsibiran da muka gani ba, ko da yake akwai wanda yashinsa ke waƙa in an taka, akwai wanda tsuntsayensa ke saƙa sheƙa da kumfar ruwa. Baƙi suna ta tafi. Ni ina tsalle, ina tafiyar agwagwa, ina kukan jaki, in na koma ƙasa in warware ganye in yayyafa wa gorona ruwa.

Wata hantsi muka shiga wani hazo fari, mai ɗumi kamar numfashi. Matuƙa suka yi tsit. Sai na fara jin maganganu suna yawo a cikinsa, ba masu su. "Delu, rufe ƙofar nan." "Ina na ajiye makullin?" Wata murya na rarrashin jariri. Wani tsohon matuƙi ya raɗa mini cewa nan ne Mashigin Kira: duk maganar da ta zube daga kan mutanen Mantau nan take taruwa, tana neman wanda aka saba gaya wa ita. Inna Kuluwa ba ta faɗa mini wannan ba. Ina jin ba ta iya ba ne.

Ban gama jin bayanin tsohon ba sai ga wata magana, tar, a saitin kunnena:

"Kan-Tulu, bawan gidanmu! Wa ya kwance ka?"

Ta zaga kaina kamar ƙudan zuma, ta sake faɗa. Kowa ya ji. Ni kuwa abin da na gane shi ne: tunda maganar tana nan, ba ta can a bakin Jatau.

Sarkin Jirgi ya matso, dariya ta bar fuskarsa. "Wawa, muryar wa ke kiranka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tawa ce. Da ciki nake magana, sabon wasa ne na ɓoye wa baƙi." Na rufe baki, na matse hanci, na fito da muryar Jatau daidai, har da ɗan karkarwar da take yi a ƙarshe: "Kan-Tulu, ka ci tuwon mutane ka bar musu kwano!"

Baƙi suka kwashe da dariya. "Sake! Sake!" Hajiya mai awarwaro har da share hawaye. Na yi ta sakewa. Na yini ina zagin kaina da muryar taubashina, suna jefo mini dabino, har muka fita daga hazon. A duk wasannin da na yi a duniya ba wanda ya karɓu kamar wannan, kuma ba na fatan maƙiyina ya yi irinsa.

Saura sauka. Inna Kuluwa ta riga ta gaya mini ba mai taka tsibirin sai wanda aka yi wa horo, don kowa tsoron ciwon yake. "Amma ka auna laifin kamar mai auna magani," ta ce. "In ya yi kaɗan, bulala. In ka kunyata shi gaban baƙi, dutse zai ɗaura maka. Ka nemi wanda zai yi zafi, ba mai gani." Da aka hango tsibirin, na kama wata ƙaguwa mai kuzari na kwantar da ita a takalmin Sarkin Jirgi, a cikin ɗakinsa. Ihun da ya yi, matuƙa kaɗai suka ji.

Ya fito yana ɗingishi. "Wa ya yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa kuma ke da aikin banza a jirgin nan?"

"Ɗibar ruwa!" in ji shi. Aka haɗa ni da wasu matuƙa biyu da suka yi dambe, aka loda mana hatsi da tuluna a kwale-kwale.

Tsibirin Mantau shiru ne da shi, irin shirun gidan da aka tashi. Mutane zaune a inuwa, tsaf da su, an yi musu aski, ba mai hira da wani. Wata mata tana tuƙa tukunyar da babu komai ciki. Na tambayi wata dattijuwa cikin masu kula da su ko akwai maɗinki, ta nuna mini gindin wata kwakwa kusa da gaɓa.

Yana zaune ya tanƙwashe ƙafa yadda ya saba. Ya ƙara ramewa, kansa ya yi fari fat. An ba shi tsumman filafilan jirgi, yana haɗawa yana ɗinkewa, in ya kai ƙarshe ya farke ya sake.

Na tsaya a kansa na gyara murya. "Ɗan tsurut! Har yanzu allurarka ta fi ka ƙiba?"

Ya ɗago. Ya ajiye ɗinkin, ya gyara zama, ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Malam. An zo lafiya? Bismillah, ga tabarma."

Da mari ya kwaɗa mini da ya fi sauƙi. Na zauna. Na ce, "Jatau, ni ne. Cindo. Kan-Tulu."

"Madalla, Malam. Allah ya yi albarka. Daga nesa?"

Na ciro goron na warware ganyen. Yana nan sabo, kamar jiya aka tsinko. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya gatsa.

Na ga lokacin da barkonon ya kama shi. Idonsa ya kaɗa, hawaye suka zubo, hancinsa ya fara yoyo. Na matsa kusa, ina jira. A zuciyata ina cewa, zage ni, ɗan kawu, don Allah zage ni, ka haɗa da kakannina. Ya tauna. Ya haɗiye. Ya share fuska da bakin riga.

"Na gode, Malam. Allah ya ƙara arziki."

Ya naɗe ragowar a tsumma, ya sa a aljihu, kamar abin kirki aka ba shi.

Na ɗebo ruwa a tafin hannu na ba shi ya sha. Matuƙan nan suka ƙwala mini kira in zo mu yi abin da ya kawo mu. Kwale-kwalen yana can inda ruwa ya kai ƙirji, don haka mu ukun muka tuɓe riguna da wanduna, muka tara su a gindin kwakwar, muka yi ta jigilar tuluna. Na gode wa ruwan tekun nan, don ba wanda ya iya bambance shi da abin da ke fuskata.

Da aka busa ƙaho daga jirgi muka suri kayanmu a hammata. Na ce, "Jatau, na tafi." Bai ɗago daga tsummansa ba. "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

A gefen jirgi aka cuɗe mu da toka aka watsa mana ruwa, sannan aka bar mu muka hau. Baƙi sun taru suna kallonmu kamar waɗanda suka dawo daga lahira. Matuƙan suka zura wandunansu suka wuce. Na zura nawa, na yunƙura.

Sai ga ni rub da ciki, haɓata ta daki katako.

Jirgi ya ɗauki dariya. "Wawan nan ba ya gajiya!" Ni kuwa ina kwance na jawo bakin wandon na duba. Siririn ɗinki ne, ƙanana ƙanana, ido ba ya kamawa, an ƙulle ƙarshensa sau biyu an cije zaren da haƙori. Na rarrafa zuwa bakin jirgi. An riga an ɗaga filafilai. Gindin kwakwar ya zama ɗigo, ban iya gane ko yana kallo ko ba ya kallo ba. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Ɗan tsurut! Allah ya isa!" Baƙi suka ƙara tafi.

Da muka dawo Bakin Gishiri na tarar da Inna Kuluwa a gaban kaskonta. Ba ta ce sannu da zuwa ba.

"Ya gane ka?"

"Malam ya ce mini, Inna. Ya ci barkonon ya yi godiya."

"Na gaya maka."

Na ciro wandon daga jaka na ɗora mata a cinya. Ta bi ɗinkin da yatsa. Ta ce, "Hannu ne kawai, ɗan nan. Hannu ba ya mantuwa da wuri. Duk tsumman da ya samu ɗinkewa zai yi."

Na ce, "Wanduna uku ne a gindin itacen. Nawa ne a ƙasa."

Kifi ya fara ƙonewa, ba ta juya ba. Ta daɗe tana kallon ruwa, can inda sama ta taɓa shi, sannan ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Ni da na je, ban ajiye komai kusa da shi ba. Ko guntun ƙarfe ban kai masa ba."

Na sauke mata kaskon daga wuta.

Wandon yana nan a ƙasan adakata, Lanti ta sha ɗauko reza ina ƙwacewa. Nan labarin Cindo ya tsaya. Abin da ke cikinsa na ƙari, iskar teku ta kwashe. Abin da ke cikinsa na gaskiya, ga shi nan a ɗinke. Wasa kuma ya dawo hannuna.